Haifaffun Ɗaya ga Janairu

Saƙon ya faɗo wayar Sadia ranar Litinin da hantsi, kuma ba ta tsaya kiran kowa ba. Ta tuɓe farar rigar aikinta a kantin magani, ta figi mota, ta faka a karkace a bakin siton da Laouali ke tuƙa motar ɗaga kaya, ta sa mai gadi ya kirawo shi. Sadia 'yar zongon Kumasi ce, kuma ita ce sakatariyar Ɓaunayen Glenwood, ƙungiyar zari-ruga da baƙin garin Greensboro na Amurka suka haɗa da ƙarfin hali: 'yan Nijar, 'yan Gana, ɗalibai uku na jami'a, da wani Ba'amurke mai gyaran famfo. Rajistar 'yan wasa tata ce, neman fili nata ne, zagin wanda ya makara ma nata ne.

"Yaya Laouali, sun dakatar da kai," ta ce tun kafin ya ƙaraso. "Kai da Moctar da Abdoul Razak."

Laouali ya tsaya cak. Shekara shida yana wannan wasa, katin gargaɗi biyu kacal ya taɓa gani. Ya tambaye ta wa aka ce ya daka.

Ba duka ba ne. Ta miƙa masa wayar, da ta ga yana bin rubutun da yatsa a hankali sai ta fizge ta karanta masa da kanta. Abokan hamayyarsu, Dawakan Summerfield, sun kai ƙorafi gaban kwamitin gasar. Sun duba rajistar Ɓaunaye sun ga mutum uku duk ranar haihuwarsu ɗaya, ɗaya ga Janairu. Biyu daga ciki, Laouali Djibrilla da Moctar Djibrilla, shekararsu ɗaya, sunan ubansu ɗaya, gidan da suke haya a unguwar Glenwood ɗaya. A ganin Dawakan, takardun ƙirƙira ne. Za a zauna ranar Alhamis da tsakar rana. Idan ƙorafin ya tabbata, duk wasan da mutanen nan uku suka buga an soke shi.

Duk wasan da suka buga kuwa shi ne kakar bana gaba ɗaya.

Gasar Piedmont, rukuni na biyu, ƙungiya takwas ce, kowa ya kara da kowa sau ɗaya, wanda ya zo na ɗaya shi kaɗai ke hawa rukunin farko. Shekara shida Ɓaunaye na kwana a tsakiyar tebur. Bana ne abin ya kama. Sun ci wasan farko a filinsu mai gangare, wanda suke rabawa da ɗalibai masu jifan faranti. Sun je Pleasant Garden cikin ruwan sama da mutum goma sha huɗu maimakon goma sha biyar, don motar Koci Kwaku ta mace a hanya da sauran, suka ci da ratar maki biyu. Moctar ya buga wasa uku da karyayyen yatsa ɗaure da salatif. Wasa shida, nasara shida. Summerfield ma haka. Ranar Asabar za su haɗu, wanda ya ci shi ya hau.

Shi kuwa Laouali, likita ya riga ya gaya masa cewa gwiwarsa ta hagu ba ta da wata kakar bayan wannan. Shi ne ginshiƙin sikram ɗinsu, wato inda mutum takwas-takwas ke sunkuyawa su haɗa kafaɗa su yi ta ture juna a kan ƙwallo. Yana sahun gaba, Moctar na gefensa, Abdoul Razak kuma shi ke buga musu ƙwallo tsakanin sanduna. Wanda ya zaɓi sunayen nan uku ya san inda ya sara.

"Brantley ne," Laouali ya ce.

"Wa kuma, in ba shi ba."

Brantley shi ne sakataren Dawakan, ɗan masu gonar dawaki, kuma shi ne wanda ke haɗa kafaɗa da Laouali a sikram. Bara Laouali ya tura shi baya taku goma a gaban budurwarsa.

Abin da ya fi ƙona wa Laouali rai shi ne gasar ba ta da iyakar shekaru. Ɗan ashirin na bugawa, ɗan arba'in da biyar na bugawa. Ko an haife shi jiya, ko zamanin Annabi Nuhu, ba abin da zai ƙara masa a fili. Kuma wane ɗan ƙauyen Nijar ne bai san yadda ɗaya ga Janairu ke samuwa ba? A ƙauyensu na bayan Konni ba wanda ke ɗaukar jariri ya tafi mairie, ofishin magajin gari, a yi masa rajista. Sai yaro ya isa shiga lakwal, makarantar boko, a je wurin alƙali, ya dube shi sama da ƙasa, ya rubuta jugement, takardar hukunci, cewa an haife shi wajajen shekara kaza. Ranar da aka zo yin fasfo, na'ura ba ta san wajajen ba, sai magatakarda ya cike gurbin da ranar farko ta watan farko. Djibrilla kuwa, in ka yi kira da shi a kasuwar Konni mutum goma za su waiwayo. Shi da Moctar ko dangin nesa ba su haɗa ba, a Greensboro suka san juna.

Ranar Laraba da yamma, bayan atisaye, Sadia ta tara su ukun a jikin motarta ta yi musu huɗuba. Su zo da fasfo. Su ajiye a tebur. In an tambaye su ko ranar da ke ciki ita ce ranar haihuwarsu, su ce ita ce. Kada wanda ya kawo tarihi, kada wanda ya kawo ƙauye.

"Musamman kai, Yaya," ta ce. "Mutanen nan takarda suka sani. Kada ka buɗe baki kraa, ko kaɗan."

Moctar ya yi dariya ya ce ai Laouali ko a sikram gurnani kawai yake yi. Laouali bai yi dariya ba. Ya ce ya ji.

An yi zaman a wani ofis da ke hawa na biyu a tsakiyar gari, lokacin hutun cin abincin rana, don 'yan kwamitin duk masu aikin sa kai ne. Shugabar, Madam Treasure, baƙar fata ce 'yar garin, tsohuwar alƙaliyar wasa, mai furfura a goshi da tabarau a kan hanci. Maza biyu na gefenta, ɗaya na cin burodi da nama yana duba agogo. Ta kunna na'urar ɗaukar murya ta ajiye a tsakiyar tebur. Brantley na zaune a ƙarshe da jakar takardu, ya sha rigar kwat kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Komai ya fara yadda Sadia ta tsara. Fasfo uku a tebur. Madam Treasure ta ɗaga kowanne ta dubi hoto ta dubi fuska. Moctar ya ce ita ce. Abdoul Razak ya ce ita ce. Sadia ta yi bayani a taƙaice cewa a ƙasashe da yawa haka hukuma ke cike gurbi, kuma fasfo takardar gwamnati ce, ba su suka buga ta ba. Madam Treasure ta gyaɗa kai. Har ta fara haɗa fasfunan wuri guda. Laouali ya ga mai burodin ya fara naɗe takardarsa.

Sai Brantley ya nemi izinin magana. Ya ce shi ba ya zargin kowa da komai. Ya ce shi dai lissafi ya sani: mutum uku cikin ashirin da biyu, rana ɗaya. Ya ce a gonarsu ko doki aka haifa ana rubuta ranar da sa'ar, kuma ya kasa gane yadda babban mutum zai rasa sanin ranar da ya zo duniya. Ya juya ya dubi Laouali ido cikin ido, ya ce a cikin ɗakin nan akwai mai ƙarya, ko an yarda ko ba a yarda ba.

Sadia ta taka ƙafar Laouali a ƙarƙashin tebur. Bai ma ji ba. Doki. An auna shi da doki, an kira shi maƙaryaci, a gaban mace sa'ar innarsa. A inda ya fito, in aka yi gardamar haihuwar mutum ba takarda ake nema ba, wadda ta durƙusa ta haife shi ake tambaya, kuma in ta yi magana zance ya ƙare. Ya zaro wayarsa ya ce yana da shaida. Ya ce uwarsa na raye.

"Yaya," Sadia ta ce da Hausa, ƙasa-ƙasa. "Don girman Allah mayar da wayar nan aljihu."

Ya riga ya danna. Ƙarfe shida ne na yamma a gida. Ƙaninsa ya ɗauka, aka ji kukan awaki, aka ji takun gudu, sai ga fuskar Hajiya Saadatou ta cika wayar, da ruwan alwala a goshinta. Laouali ya gaishe ta ya sunkuyar da kai kamar tana gabansa. Ya gaya mata cewa manyan wurin ne ke son ta shaida haihuwarsa. Ya jingina wayar da kwalbar ruwa ta fuskanci kwamiti.

Madam Treasure ta yi murmushi ta ɗaga wa tsohuwar hannu. Ta ce tunda an kawo shaida dole a saurara, kuma Sadia ce za ta yi tafinta. Tambayar farko mai sauƙi ce, don na'ura ta ɗauka: ta faɗi cikakken sunan ɗanta.

Sai a lokacin Laouali ya gane kuskurensa. Shi ne ɗan fari. Tun da aka haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, kuma ba zai fita yau ba don wasu baƙi sun tambaya.

Hajiya ta kau da kai ta gyara lulluɓi. "Wanga dai," ta ce. "Ai ga shi nan gabanku."

Sadia ta yi ƙoƙarin bayani, cewa kunya ce, al'ada ce, uwa ba ta ambatar ɗan fari. Madam Treasure ta sake tambaya a hankali. Hajiya ta ce ita ba ta san mi suke so da ita ba, in suna suke nema su tambayi ƙaninsa. Brantley ya jingina da kujera ya rubuta wani abu a takardarsa, kafaɗunsa na rawa.

Aka wuce tambaya ta biyu. Yaushe aka haife shi?

Nan bakin Hajiya ya buɗe. Wannan ba abin kunya ba ne, wahalarta ce. Ta ce ranar Laraba ce, ranar kasuwa, don ubansa ya tafi sayar da tunkiya bai dawo ba sai da aka yanke cibi. Tsakiyar damina, gero ya fara fid da kai. An kwana biyu ana ruwa har katangar bayan gida ta faɗi, ungozoma da ƙyar ta ƙetare kwari. Ta ce ko yau aka tashe ta daga barci za ta faɗa, kuma Allah ne shaidarta.

Sadia ce ya kamata ta fassara. Ta buɗe baki tana neman yadda za ta juya maganar, amma Laouali bai ba ta dama ba. Ƙirjinsa ya cika. Ga gaskiya tsirara, da tunkiyarta da katangarta, wace takarda ce ke da irin wannan? Ya fassara da kansa, da Turancinsa na sito, da ƙarfi, yana kallon Brantley. Laraba. Damina. Gero na fid da kai, wato watan Agusta ke nan.

Mai burodi ya daina tauna.

"Agusta," Madam Treasure ta ce. Ta cire tabarau. "Malam Djibrilla, kana gaya wa kwamitin nan cewa ba a Janairu aka haife ka ba?"

"Wa ke haihuwa da ruwan sama a Janairu?" ya ce.

Brantley ya rufe jakar takardunsa.

Hukuncin bai ɗauki minti goma ba. Moctar da Abdoul Razak an wanke su, fasfonsu ya isa. Shi kuwa Laouali, da bakinsa, a gaban na'ura, ya ce ranar da ya rubuta a rajista ba gaskiya ba ce, kuma ƙa'ida ta ce bayanin ƙarya a rajista na soke duk wasan da mai shi ya buga. Ya buga shida. Madam Treasure ta faɗi hakan ba tare da ta dube shi ba. Sannan ta ce akwai ƙofa ɗaya. In ya sa hannu a takardar rantsuwa kafin ƙarfe biyar na yammacin Juma'a, cewa ɗaya ga Janairu ita ce ranar haihuwarsa ta gaskiya, kuma shaidar da aka ji yau kuskure ce ta tsohuwa, kwamiti zai rufe maganar ya buga ranar Asabar.

Laouali ya ɗauki wayarsa. Hajiya na nan tana jira, tana tambaya ko sun gamsu. Ya ce mata sun gamsu, ta je ta yi sallah. Ya ɗauki fasfonsa ya fita, bai yi wa kowa sallama ba.

Sadia ta cim masa a wurin ajiye motoci, takalmanta na ƙwas-ƙwas. Ba ta raga masa ba. Ta ce an riga an ci shari'a, fasfo na hannun matar, saura ta ce a tashi, shi ya tsoma su. Ta ce baki shi ke yanka wuya, yau ta gani da idonta. Ya ce an kira shi maƙaryaci. Ta ce to yanzu fa, an rubuta. Ya ce ita a asibitin Kumasi aka haife ta da nas da agogo, ba za ta gane ba. Ta ce abin da ta gane shi ne mutum ashirin da ɗaya sun zubar da gumi wata uku, kuma takardar na jakarta in ya huce.

Bai huce ba. Washegari bayan sallar Juma'a ya fito ya tarar da rabin ƙungiyar tsaye kewaye da motarsa. Ba wanda ya ɗaga murya, kuma hakan ya fi ciwo. Koci Kwaku ya ce shi ba zai tilasta wa kowa rantsuwa ba, amma yana so Laouali ya sani cewa in aka soke wasa shidan nan, ba rukunin farko kaɗai suka rasa ba, ƙasan tebur za su koma. Abdoul Razak ya ce shi ma ai a lokacin girbi aka haife shi, ya ce Janairu, ƙasa ba ta tsage ba.

"Ba a ce ka rantse innarka ta ruɗe ba," Laouali ya ce.

Moctar ne ya ja shi gefe. Bai kawo hujja ba. Ya ce, bon, shi ya san Hajiya ba ta yi kuskure ba, Laouali ya sani, matar nan mai furfura ma ta sani. Takardar ba za ta je Konni ba. Ya ɗaga yatsan nan nasa da ya warke a karkace ya ce shi dai wannan ya bayar, kowa da abin da zai bayar.

Laouali ya shiga mota ya zauna bai tayar ba. Shekara talatin da biyar bai taɓa yi wa kowa ƙarya a kan haihuwarsa ba. An ba shi rana, ya karɓa, kamar yadda ake ba mutum lambar layi a asibiti. Ba wanda ya taɓa cewa ya rantse a kanta. Sai yau, da aka tashi tantance mai gaskiya, aka ce hanyar shiga sahun masu gaskiya ita ce ya yi rantsuwar ƙarya, ya haɗa da uwarsa. Ya daki sitiyari har hon ya yi ƙara, wani dattijo mai fita daga masallaci ya waiwayo.

Ƙarfe biyar saura kwata ya hau benen. Sadia na zaune a matattakala da takardar a cinya, kamar ta san zai zo. Madam Treasure ta karɓe su, ta kira wata mata mai hatimi daga ofishin kusa. Ya karanta takardar layi-layi da yatsa, bai tsallake ko ɗaya ba, su kuma suka jira.

Ya tambayi Madam Treasure ko ita ta yarda da abin da ke ciki.

"A'a," ta ce. "Mahaifiyarka na yarda da ita. Amma ba ni da inda zan rubuta ta."

Ya sa hannu. Ya danna biro har ya huda takardar.

Filin Summerfield shimfiɗaɗɗe ne kamar darduma, da farin shinge a gefe da dawaki na kiwo a bayansa. Mutanensu sun zo da kujerun naɗi da karnuka. Na Glenwood sun zo cikin motoci shida, mata da kuloli na waakye, dafa-dukan shinkafa da wake, yara na ihu da Turanci.

A sikram na farko, da suka sunkuya kunne na gogar kunne, Brantley ya yi wa Laouali barka da ranar haihuwa. A na biyu ya tambaye shi ko innarsa ta tuno sunansa. Laouali ya miƙe daga cikin turereniyar ya cakumi wuyan rigarsa ya ɗaga shi har ƙafafunsa suka bar ƙasa. Bai dake shi ba, Moctar ya rataye a hannunsa. Amma alƙalin wasa ya gani. Kati mai ruwan ɗorawa, minti goma a waje.

Minti goman nan ya ci su. Ba Laouali, sikram ɗin Ɓaunaye ya zama kamar ƙofar kara. Summerfield suka dangwala ƙwallo bayan layi sau biyu, suka buga duka biyun tsakanin sanduna, goma sha huɗu da babu. Yana zaune a kan akwatin ƙanƙara yana kallo, Sadia na tsaye a bayansa ta harɗe hannu.

"Ka riga ka biya kuɗin wasan nan da tsada, Yaya," ta ce. "Kada ka bar musu shi kyauta."

Da ya koma bai ƙara ko kallon fuskar Brantley ba. Ƙasa yake kallo, da inda zai kafa ƙafa. Abdoul Razak ya buga fanareti biyu kafin hutu. Bayan hutu Sulley, ƙaton ɗan Gana da ke bayan sikram, ya fasa mutum uku ya dangwala, Abdoul Razak ya ƙara biyu, goma sha huɗu da goma sha uku. Summerfield suka samu fanareti suka buga, goma sha bakwai da goma sha uku. Gwiwar Laouali ta kumbura har bandejin ya shige cikin nama. Kwaku ya yi masa alama sau biyu ko zai fito, ya yi kamar bai gani ba.

Saura minti uku, ɗan bayan Summerfield ya saki ƙwallo gaba a bakin layinsu, abin da doka ta hana. Sikram, taku biyar daga layi, ƙwallon Ɓaunaye. Maki uku ba za su isa ba, sai an dangwala.

Suka sunkuya. Wannan karon Brantley numfashi kawai yake kamar zugazugi. Da aka jefa ƙwallo Laouali ya shiga ƙarƙashin ƙirjinsa ya tura. Taku ɗaya. Brantley ya ga ba mafita ya zube da gangan, sikram ya rushe. Alƙali ya busa, fanareti. Ya tambayi Moctar, wanda shi ne kyaftin, abin da suka zaɓa. Moctar ya dubi Laouali da ke ƙoƙarin miƙewa da ƙafa ɗaya.

"A sake," Laouali ya ce.

Aka sake. Ya ji wani abu ya ɓalle a cikin gwiwar tun a turawar farko, ya ji zafin har cikin haƙoransa, bai tsaya ba. Mutum takwas suka yi gurnani ɗaya. Ƙafafun Brantley suka fara jan ciyawa baya, taku biyu, uku, sai sahun Summerfield ya buɗe kamar ɗinkin tsohuwar riga. Farin layi ya wuce ƙarƙashin fuskar Laouali. Sulley ya faɗa kan ƙwallo. Goma sha takwas da goma sha bakwai. Abdoul Razak ya ɓata duk lokacin da doka ta ba shi, ya buga ta wuce gefe, ba wanda ya damu. Aka busa tashi.

Laouali na zaune a ciyawa yana warware bandeji lokacin da Brantley ya zo da hannu a miƙe. Ya ce wasa ya yi kyau. Ya ce yana fata ba a riƙe shi a zuciya ba, shi ƙa'ida kawai ya bi. Laouali ya dubi hannun har mai shi ya gaji ya mayar.

Can tsakiyar fili Madam Treasure ta fito da kofi, ana kiran sunaye ɗaya-ɗaya, mata na guɗa. Da aka kira nasa bai tashi ba. Moctar ya rugo ya ce ya zo a ɗaga kofin da shi, ko ɗaukarsa ne sai su yi. Laouali ya ce su ɗaga, yana gani daga nan.

Sadia ce ta kawo masa ƙanƙara a leda. Ta durƙusa ta ɗora masa a gwiwa, idanunta sun yi ja, tana dariya tana cewa rukunin farko, chale, rukunin farko. Ya bar ta ta gama. Sannan ya ce ranar Litinin, in ta buɗe rajistar, ta cire sunansa.

Ta ce ai ta sani, likita ya riga ya faɗa.

"Ba don gwiwa ba," ya ce.

Ya dafa kafaɗarta ya miƙe, ya nufi mota yana ɗingishi.